Albasar Yaya Tasalla

Ranar da takardar Muhsin ta iso, na rangaɗa guɗar da sai da tantabarun maƙwabta sunka watse. Ni Luba, dillaliyar atamfa a nan Jega, ban iya murna a ɓoye ba, fushi ma ban iya shi a ɓoye ba. Da hantsi yaron ya faɗo gida a guje, takalmi ɗaya a ƙafa, yana ɗaga wata farar takarda sama.

"Inna Luba, sun ɗauke ni! Kwalejin malamai ta Argungu! Wallahi sun ɗauke ni!"

Na fizge takardar na ƙura mata ido, alhali ni da boko sai kallo. Na sa shi ya karanta mini sau uku. A na ukun ne muryarsa ta yi sanyi, don a can ƙasa an rubuta cewa kwana goma sha huɗu anka ba shi ya je ya biya kuɗin shiga, in ya wuce haka a ba wani gurbinsa. Ya naɗe takardar a hankali, ya zauna bakin turmi.

"To ina za mu samo kuɗin nan, Inna?"

"Kai dai tashi ka wanke tsummokaranka," na ce, ina taka rawa da ludayi a hannu. "Kuɗinka na nan bayan ɗakina, sun yi wata biyar suna jiran ka."

Bari in koma baya kaɗan, don ku san abin da ke bayan ɗakin nan. Muhsin ba ni na haife shi ba. Ɗan fari ne ga yayata Tasalla, wadda ke aure a Sabiyal. Kun san yadda muke da ɗan fari: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta zama kusa da shi, ba ta nuna ta damu ko ya ci ko bai ci ba. To kunyar Yaya Tasalla ta wuce ta kowa. Tun da anka yaye shi anka kawo mini shi, ni da Allah bai ba haihuwa ba, in za ta ambace shi sai ta ce "ɗanki". In ya je gaishe ta, tukunya take duba tana amsawa. Yaron ya girma yana ganin ba ta damu da shi ba, kuma abin yana cin sa, na sani. Babansa kuwa, Malam Barau, tuni ya yanke magana cewa sakandare ta isa, ya dawo fadama, akwai ƙanne bakwai a bayansa.

Shekarar da ya shiga sakandare, Yaya ta aiko mini da wata 'yar tunkiya mai baƙin kunne, ba bayani. Sai da na je Sabiyal ta ja ni ƙuryar ɗaki, ta rage murya kamar mun saci wani abu.

"Ki kiwata ta. Na ji an ce bayan wannan makarantar akwai wata ta sama, kuma da kuɗi ake shiga. Amma Luba, in kika bari ɗanki ya ji inda tunkiyar nan ta fito, ban yafe miki ba."

Na rantse mata. Ni da bakina ba ya riƙe ko farashin gishiri, na riƙe maganar nan shekara shida, kuma Allah kaɗai ya san wuyar da na sha. Duk zuwan da zan yi Sabiyal sai ta kwance bakin zane ta damƙa mini abin da ta samu a ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Tunkiya ta yi ta haihuwa. Da layya na kai raguna Maiyama na sayar wa ma'aikata, munka haɗa munka sayi maraƙi, maraƙi ya zama bijimin da sai mutum biyu ke riƙe shi. Bana da rani, da albasa ta cika Aliero har ta rasa mai saye, Yaya ta ce a sayar da bijimin a zuba kuɗin duka a albasa, a ajiye ta sai bayan marka. Ta ce in an iya ajiya, albasa ta fi bijimi saurin ninka kuɗi. A Sabiyal ba ta ajiyuwa, don kafin azahar kowa ya tambayi mai ita. Shi ya sa anka kawo ta gidana, buhu talatin, Muhsin ya ɗauka sana'a na sake.

Wani Muntari, dillalin albasa daga Aliero, shi ya zo ya kafa mini rudu. Gado ne na itace a ɗage daga ƙasa, an kewaye shi da zana, an ɗora jinka a sama, anka juye albasar a ciki. Da zai tafi ya nuna ni da yatsa.

"Hajiya, kada ki ƙara masa komai, kada ki rage masa komai. Ki bar shi yadda na bar shi."

Na ce to. A zuciyata kuwa na ce, ji mutumin Aliero zai koya wa 'yar Jega ajiyar kaya! Mu da munka buɗe ido a kasuwa? Da marka ta kankama, ruwa yana dukan zanan nan ta gefe, sai hankalina ya tashi. Wahalar Yaya ta shekara shida tana zaune cikin kara da ciyawa? Ni in ruwa ya taso atamfata nake fara rufewa. Na tafi tasha na sayo wani ƙaton tamfol a hannun direban babbar mota, sabo fil, na kira Muhsin munka naɗe rudun nan tun daga sama har ƙasa, munka ɗaure da igiya tamau, ko sauro ba zai samu hanya ba. Shi ma gogan, ɗan manomin albasa, har yana cewa, "Inna, wannan dabara ta yi!" Albasa dai ba ta yi halin ruwa ba. Na tsaya na riƙe ƙugu ina kallon aikina, ina jin ba mai wayo irina a jihar nan tamu sabuwa.

Bayan mako biyu wani wari ya fara tashi a bayan gida. Nan take na san mai laifi: kwatar maƙwabciyata Tabawa. Na leƙa ta katanga na wanke ta tas, na ce ƙazantarta za ta kashe unguwa. Ta rama, na ƙara. Kwana bakwai muna yi, har gaisuwa ta yanke tsakaninmu.

To ranar takardar nan, na ja hannun Muhsin munka zagaya bayan ɗaki, ina ta zuba kamar kanya. Na ce masa yau zai ga abin da ake kira tanadi, gobe in kira Muntari, jibi ya ji kuɗi a aljihu. Na sa wuƙa na yanke igiyar, munka ja tamfol ɗin ya zame ƙasa.

Innalillahi! Wani zafi ya buso mana da warin da ya mayar da ni baya taku uku. Zanan ya yi baƙi ya jiƙe jagab, wani baƙin ruwa yana ɗiga ta ƙarƙashin gadon, ƙudaje sunka taso buu. Na cusa hannu na damƙo albasa ɗaya, ta narke mini a tafi. Na damƙo wata, ita ma haka. Na zauna daɓas cikin taɓo. Garin neman gira na rasa ido, kuma idon ba nawa ba ne.

"Inna, ta ƙasa da sauranta," in ji Muhsin, ya tona can gefe ya zaro wata mai tauri. "Amma wallahi ban san yadda ake yi da ita ba."

Ni ma ban sani ba. Mutum ɗaya na sani wanda ya sani, kuma na gwammace in shiga rijiya da in je gabanta. Amma kwana goma sha huɗu ba sa jiran kunyata. Na yafa mayafi, ko ƙafa ban wanke ba, na tare ɗan kabu-kabu na ce Sabiyal, kuma in ya tsaya gaisawa da wani a hanya sai na ci mutuncinsa.

Na iske Yaya gaban kasko tana suyar ƙuli. Na fara da mai daɗin.

"Yaya, sun ɗauki ɗana a Argungu."

Ba ta ɗago ba. "Madalla," ta ce, ta ci gaba da juyawa. Amma ba a jima ba ta ajiye matsamin da ke hannunta ta riƙe gwiwa, ta bar ƙulin cikin mai. Na so in rungume ta, sai na tuna da sauran labarin. Na sunkuyar da kai na faɗa mata komai, har tamfol ɗin ban ɓoye ba.

Ta sauke kasko, ta leƙa zaure ta ce wa Malam Barau kayan Luba sun samu matsala za ta je ta taimaka, ya ce a sauka lafiya. Mu biyu munka hau mashin ɗaya. Tun daga Sabiyal har Jega ba ta buɗe baki ba, ni kuwa na fi son ta zage ni da wannan shirun.

Da azahar munka iso. Ta wuce kai tsaye bayan ɗaki, ta tsaya gaban rudu, ta dubi baƙin ruwan, ta dubi tamfol ɗin da ke yashe a ƙasa. Yaya Tasalla, wadda tun muna yara ban taɓa jin muryarta ta wuce ƙofar ɗaki ba, sai ga ta ta juyo kaina kamar za ta cinye ni.

"Mi kika yi haka, Luba? Mi kika yi? Albasa rai gare ta, numfashi take yi! Ke in anka naɗe ki cikin wannan abu kwana ashirin, mi za a tarar? Wa ya tambaye ki dabara? Shekara shida! Shekara shida ban ɗinka sabon zane ba, dubi hannuwana yadda mai ya cinye su, duk don Muhsin ya shiga makarantar nan ya zama mutum, ke kuma ki..."

Sai ta tsaya cak, ta toshe bakinta da hannu biyu. Shekara goma sha tara ke nan, ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba sai yau.

Zanan bayan rudu ya motsa. Muhsin ya miƙe daga inda yake tsugune yana tonon albasa, kwando a hannunsa, taɓo har gwiwa. Ashe tun fitata yana can. Ya ji komai, kuma ita ma ta san ya ji. Ya tako a hankali ya ajiye kwandon kusa da ƙafarta, sannan ya juyo ya dube ni.

"Inna Luba, ina za a zuba waɗannan?"

Yaya ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ita ma ni ta duba. "Ki ce wa ɗanki ya shimfiɗa zana a inuwa, ba a rana ba. Ya yi sauri."

Daga nan aiki ya ɓarke. Yaya ta ɗaure ɗamara ta zama sarkin yaƙi. Ta nuna mana yadda ake danna wuyan albasa da babban yatsa: in ya lotsa a jefar, in ya yi tauri a ɓare jiƙaƙƙen ɓawon, a goge ta da tsumma, a jera ba tare da wata ta hau wata ba. Wadda gefe ɗaya kawai ya taɓu a ware ta daban, masu tuwo-tuwo za su saya. Hannunta kamar walƙiya, kafin in duba ɗaya ta duba biyar. Muna cikin haka sai ga kan Tabawa bisa katanga, tana toshe hanci.

"A'a, Luba! Ashe kwatata ce ta biyo ki har cikin rudu?"

"Na ci kashi, Tabawa, na ci. Ki yafe ni ki zo da tabarminki duka."

Ta yi dariya har ta kusa faɗowa, amma ba a jima ba ta shigo da tabarmi huɗu da matan unguwa shida. Gidana ya koma kamar gidan biki. Ana ɓara ana waƙa, ana yi mini shaƙiyanci, wata ta ce daga yau sunana Hajiya Tamfol, sunan da har yanzu bai sake ni ba. Duk kwandon da ya fito da mai kyau sai a yi shewa. Tsakar gida ta cika da jar albasa, zaure ya cika, har ɗakina sai da munka fitar da gado munka shimfiɗa. Yaya da Muhsin kuwa kwana uku suna aiki gefe da gefe, yana miƙa mata kwando tana karɓa, ba wanda ya dubi wani. In tana son ruwa ni take gaya wa, kafin in motsa ya kawo.

A rana ta huɗu Muntari ya zo. Ya dubi tamfol, ya dube ni, ya buɗe baki.

"In ka ce ka gaya mini, sai na juye maka ruɓaɓɓiyar nan a ka," na ce.

Ya rufe bakinsa, amma kafaɗunsa suna rawa don dariya. Ya zaga ya duba abin da munka tsirar, ya ce buhu goma sha bakwai za ta yi. Sai ya ƙara da cewa bana marka ta ɓata rudu da yawa, motocin Kurmi uku masu kai kaya kudu na tsaye a Aliero sun rasa kaya, kuma buhu ya ninka kuɗinsa na rani har sau huɗu. Na sake rangaɗa guɗa, Tabawa ta taya ni.

A kasuwar Aliero ne na fanshi kaina. Ajiyar albasa ban iya ba, na yarda, amma ciniki? Nan gidana ne. Na zauna bisa buhu na harɗe ƙafa, na bar fatake biyu suna taya wa juna. Wannan ya taya na ce albarka, wancan ya ƙara na ce ko kallo bai isa ba. Na tashi kamar zan sa a mayar da kaya Jega, sunka biyo ni suna "Hajiya tsaya mana!" Sai da Muntari da kansa ya raɗa mini cewa in sallama haka nan kada in kashe kasuwa. Kuɗin sunka biya na shiga makaranta da na ɗakin kwana, ba abin da ya saura. Na katifa da akwati da abinci ne babu, kuma wannan ramin ni na haƙa shi. Washegari na kwashe kwallayena na jere, waɗanda nake taƙama da su tun aurena, na kai wa wata mai aurar da ɗiya a Maiyama. Ban yi kuka ba sai da na hau mota.

Saura kwana uku wa'adi ya cika munka raka shi tasha. Ni da Tabawa da rabin unguwa, ana ɗauke da akwati da katifa da ƙullin gari, ni ina gaya wa duk wanda munka gamu da shi cewa malami za mu kai Argungu. Yaya ta ce ita ba rakiya ta zo ba, gishiri za ta saya kafin ta koma Sabiyal. Ikon Allah, duk masu gishirin Jega ba wanda ya yi mata sai wanda ke bakin tasha, daidai inda motar Argungu ke lodi. Ta tsaya ta ba motar baya, tana juya gishiri a mudu kamar mai neman zinariya a ciki.

Muhsin ya sa kayansa, ya dawo ya durƙusa gabana, taku biyu tsakaninsa da ita. Ya ɗaga murya yadda ba sai an kasa kunne ba.

"Inna Luba, ki gaya wa yayarki na gode. Ki ce mata na ga hannuwanta. Albashina na fari, zane zan saya mata."

Na buɗe baki, sai na ji muryarta daga baya, tana magana da mudun gishiri.

"Ki ce wa ɗanki ya riƙa cin abinci. Ya rame. Kuma kada ya yi wanka da ruwan sanyi da asuba, tun yana jinjiri ƙirjinsa ba ya so."

"Kai, ku ji mini mutane!" na ce. "Ni bango ce? Ga ku ga juna!"

Ba wanda ya kula ni. Yaron mota ya buga ƙofa, Muhsin ya shiga ya zauna bakin taga, motar ta tashi. Sai da ƙararta ta yi nisa sannan Yaya ta juyo, ta bi ta da ido har ta sha kwana. Fuskarta sharkaf, hawaye har haɓa, ba ta ko share ba.

"Yaya, kuka kike yi?"

"Albasa ce," ta ce. "Har yau ba ta bar hannuna ba."

Mako guda ke nan da munka rabu da albasar nan, kuma ko a lokacin ba wanda ya yanka ko ɗaya. Karo na farko a rayuwata na ja bakina na yi shiru. Na biya kuɗin gishirin, na ɗauka mata, munka nufi inda 'yan kabu-kabun Sabiyal ke tsayawa.